Waiwaye: Injin Waldana na Farko da Hannun da Ya Koya Mini

Duk wanda ya san Kaduna ya san Panteka, ko da bai taɓa sayen ƙusa a cikinta ba. Tun daga bakin titi, can kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ƙarar guduma ce take fara tarbar mutum, sai ƙaurin ƙarfen da ya sha wuta, sai shuɗin haske yana walƙawa daga rumfa zuwa rumfa. A nan ake ƙera ƙofofi da tagogi da gadaje, da injin markaɗe, da murhun gawayi, da kurar 'yan ga-ruwa. Ƙarfen da wani ya zubar a bola, in ya shigo Panteka sai ya fita da sabon suna da sabon aiki. A cikin wannan kasuwa na koyi walda, ina magidanci mai aikin ofis, don wata sha'awa da ta daɗe tana cina a rai.

Sha'awar ta faro tun ina yaro a garinmu. In an tashe mu daga makarantar allo, ni da sa'o'ina mukan tsaya a bakin maƙera mu yi ta kallo. Yaro yana zuga zugazugi, gawayin ƙirya yana ja, maƙeri ya sa awartaki ya ciro ƙarfe ya ɗora a kan uwar maƙera, masaba ta hau aiki. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne haɗa ƙarfe biyu. Sai ya sa su a wuta har su yi fari, ya ɗora ɗaya a kan ɗaya, ya yi ta duka har a rasa inda suka haɗu. Amma ƙira gado ce, gidanmu kuwa ba na maƙera ba ne, don haka rabona bai wuce kallo ba. Boko ta ɗauke ni, aiki ya kawo ni Kaduna, sha'awar ta kwanta ba ta mutu ba.

Da na koma gidan kaina a tsakiyar shekarun 2000, sai ƙananan gyare-gyare suka fara kai ni Panteka. Yau sakatar ƙofa ta ɓalle, gobe ƙafar kujera ta karye, jibi baro ya tsage. Aikin da bai wuce ɗigo biyu na walda ba, sai ka ɗaure ƙarfe a bayan babur ka je ka zauna jiran a gama ƙofar wani. A wurin wannan jira na san dattijon da kowa a layin yake kira Baba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannayensa duk tabon tartsatsi. Ya yi ƙuruciyarsa a sashen gyaran injuna na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, zamanin da jiniyar masaƙa take tashin rabin gari. Masaƙar farko, KTL, an buɗe ta a 1957, ta rufe a 2002, sauran kuma suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya. Irin su Baba da dama sun fito da ilimin da suka tara a gaban manyan injuna, suka kafa rumfa a kasuwa, suka tara yara suna koya musu.

Wata rana na yi ta maza na ce masa, "Baba, wane inji ya kamata in saya? Ina son in koyi aikin nan."

Ya ɗaga garkuwar fuskarsa ya dube ni, ya ga da gaske nake. Ya ce, "Malam, kada ka sayi komai tukuna. Ka riƙa zuwa ran Asabar. In hannunka ya zauna, shi zai gaya maka injin da yake so. Amma ka sani, ƙarfe bai san takardar makaranta ba. Yadda yaran nan suka fara, haka za ka fara."

Haka kuwa aka yi. Kafin in taɓa waya sai da na iya jan awo, na iya yanka da zarto a kan layi, na iya kankare tsatsa da fenti daga wurin da za a haɗa. Abin da ya sa na fara saye da kuɗina shi ne garkuwar fuska, da safar hannu ta fata, da takalmi rufaffe. Ya zare baƙin gilashin garkuwar ya nuna mini lambar da ke jikinsa, ya ce daga 10 zuwa 12 ake so, tabarau na rana kuwa ado ne kawai. Da na yi maganar tsada sai ya ce, "Inji in ya ƙone ana sake naɗa shi. Ido fa?"

Ranar da ya fara miƙo mini holda tana nan a raina. A baki aikin ba shi da wuya. Ka maƙala ilektirod a holda, ka maƙala wayar at a jikin ƙarfe, ka ƙyasta bakin ilektirod a kan ƙarfen, ka ɗaga shi kaɗan, tazarar da ba ta wuce kaurinsa ba. A aikace kuwa nan gizo ke saƙa. In ka manna, ya liƙe, inji ya hau gurnani. In ka ɗaga da yawa, wuta ta yi ta fantsama ko ta mutu. Ga shi ilektirod yana cinyewa, don haka hannu yana tafiya gefe yana kuma sauka ƙasa a lokaci guda, duk a bayan gilashin da ba ka ganin komai sai wuta ta kama. Baba ya zagayo bayana ya kama wuyan hannuna, kamar yadda malamin allo yake kama hannun yaro ranar da zai fara rubutu, ya ja ni a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Yana ja yana cewa, "Kada ka kalli hasken, kalli ruwan. Ruwan shi ne walda." A nan na fara ganin ɗan ƙaramin narkakken ƙarfe yana bin bakin ilektirod, yana daskarewa a bayansa. Na ji nauyin hannunsa, na ji saurin da yake so, na ji inda yake ɗan dakatawa. Babu littafin da zai iya ba ni abin da hannun nan ya ba ni.

Na daɗe ina jan layi a kan guntayen ƙarfe kafin a bar ni in haɗa wani abu. In na gama layi, sai in ɗauki 'yar guduma mai tsini in ɓamɓare kashin walda in ga abin da ke ƙasa. Baba ya koya mini karanta shi. In layin ya yi tudu siriri, ko wuta ta yi kaɗan ko hannu ya yi sauri. In ya baje ya ci gefen ƙarfe, wuta ta yi yawa. In ya fito da ƙananan ramuka, ko ilektirod ya sha danshi ko ba a kankare ƙarfen da kyau ba. In kuwa komai ya daidaita, kashin da kansa yake ɗagowa yana sanyi. Daga baya na karanta dalilin wannan kashi. Ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500, wutar walda kuwa ta ninka haka, kuma narkakken ƙarfe in iska ta same shi sai ya lalace. Garin da aka lulluɓe ilektirod da shi yana ƙonewa ya ba da hayaƙin da ke korar iska, sauran ya narke ya rufe waldar har ta huce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Oscar Kjellberg, wanda ya kafa kamfanin ESAB a 1904, shi ya fito da wannan dabara. Da na ba Baba labari sai ya yi murmushi ya ce lalle mutumin ya sha wahalar ƙarfe kafin ya gano haka.

Jarrabawar rumfar guda ɗaya ce, kuma kowa ya san ta. Duk abin da mai koyo ya haɗa, Baba zai matse shi a bais ya ɗauko babbar guduma. In ƙarfen ya lanƙwashe waldar tana nan, sai ya ce madalla. In ta ɓalle, sai ya kira kowa ya nuna cikinta, a ga yadda ta zauna a sama ba ta shiga jiki ba. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Guntun ƙarfen ya isa bayani.

Sai da ya ga hannuna ya fara zama sannan ya ɗauko maganar inji da kansa. Tambaya uku ya yi mini: me zan riƙa haɗawa, wace irin wuta ce a unguwarmu, kuma a ina zan ajiye shi. Na ce ƙananan kayan gida ne, bututu da angul da rodi, wuta kuma irin ta kowa ce, wata rana da ƙarfi wata rana babu. Ya ce to, ba na bukatar injin da ya wuce ya ƙona geji 12 da geji 10. Geji 12 shi ne ilektirod mai kaurin milimita 2.5, wanda yake son amfiya 60 zuwa 90, geji 10 kuma mai milimita 3.2, wanda yake son wajen 90 zuwa 130. Duk na 6013 ne, irin wanda aka fi samu a kasuwa, mai saurin kamawa da sauƙin sarrafawa ga sabon hannu. Ya ce duk wanda ya ce in sayi injin da ya fi haka don gyaran sakata, aljihuna yake kallo.

A lokacin hanyoyi huɗu ne a gaban mai saye. Akwai sabon inji na kanti, ɗan waje, mai fanka da abin murɗawa, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin albashina. Akwai na hannu da ake shigowa da su, masu ƙwari, sai dai ba ka san wahalar da suka sha kafin su iso ba. Akwai Lista mai shan dizal, wadda ba ruwanta da a kawo wuta ko a ɗauke, amma ta masu manyan ayyuka ce. Sai na gida, wanda ake naɗawa da hannu a nan cikin kasuwa. Waldar kabayid kuwa, irin ta masu gyaran jikin mota, ya ce in bar wa masu ita.

Na gida muka zaɓa, kuma da ƙafarsa ya raka ni wurin mai naɗi. A can na ga cikin abin da nake ta jin gurnaninsa. Tiransifoma ce kawai: siraran fallayen ƙarfe an jera su sun yi kauri, an naɗe su da waya kashi biyu. Siririyar waya mai yawan zagaye ita take karɓar wutar bango, bolt 220 ko kusa da haka. Kakkaurar waya mai ƙarancin zagaye ita take fitar da wutar aiki, bolt ya sauko bai kai 100 ba, amfiya kuma ta hau. An fito da wasu notina a jikin katako, in kana son ƙara wuta ko ragewa sai ka kwance waya daga wannan ka ɗaura a wancan. Baba ya zaro 'yar wuƙa ya kankare bakin wayar. Ya ce tagulla ta gaske ja ce har ciki, in ka ga fari a ƙarƙashin ja to alminiyam ne aka yi wa riga, zai yi saurin zafi kuma mahaɗarsa za ta riƙa ci. Ya sa aka kunna, ya ƙona ilektirod a jere ba hutu, sannan ya kashe ya ɗora bayan hannunsa a kan naɗin ya ji ɗuminsa. Akwai wani mai rahusa a gefe da idona ya tsaya a kai. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, araha ba ta ado." Muka biya mai tagulla.

Sai da 'yan dako suka ɗora shi a kura saboda nauyi. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, katako ne da waya da noti, amma ranar da ya shigo gidana na ji abin da na daɗe ban ji ba. Na kafa 'yar rumfa a bayan gida inda iska ke ratsawa, nesa da tulin itace da jarkar mai, na kira mai gyaran wuta ya ja masa layi na kansa da kakkaurar waya. Irin wannan inji in ka ƙyasta sai ƙwan fitilar maƙwabta ya dushe, don haka na je na same su muka yi magana, muka tsayar da safiyar Asabar. Ƙaramin janareton gida kuwa ko kusa ba ya ɗaukarsa. Sau da yawa zan auna, in yanka, in jera komai, in zauna jiran wuta. Ban taɓa jin jiran nan ya dame ni ba, domin a cikinsa na gane cewa mafi yawan aikin ana gama shi ne kafin a kunna inji. In damina ta sauka, ga ruwan Agusta na Kaduna, sai in zuba ilektirod a gwangwani mai murfi in ajiye a ɗaki, in kuma ƙasa ta jiƙe ba na taɓa holda, don wutar da ke narka ƙarfe ba ta jin kunyar jikin mutum.

Abin da na fara haɗawa ni kaɗai shi ne mazaunin randa ga mahaifiyata. Kafin in fara, Baba ya ja kunnena cewa ƙarfe in ya huce yana janyewa, in ka cika walda a kusurwa ɗaya sai sauran su karkace. Sai a ɗiɗɗiga kowace kusurwa tukuna, a ja awo daga wannan lungu zuwa wanda ke kallonsa, a ja na ɗaya ɓangaren, in sun zo daidai sannan a cika, ana yi ana sauya gefe. Da na kai mata ta shafa shi ta ce, "Kai ka yi wannan da hannunka? Allah Ya yi maka albarka." Na karɓi takardun yabo a wurin aiki, amma babu wadda ta kai mini wannan addu'a. Daga nan sai benci na ƙofar masallacin unguwa, sai murhu, sai kurar wani ɗan ga-ruwa da ta karye a ƙofar gidana ya rasa yadda zai yi. Abokan aikina wasu sun yi mamaki, me mai albashi yake nema a cikin tartsatsi? Amsata ita ce, a ofis takarda tana wucewa ta hannuna ban san inda za ta ƙare ba, benci kuwa kullum ina ganin dattawa a kansa bayan La'asar.

Akwai aikin da Baba ya hana ni, kuma har gobe ina gode masa. Na so in haɗa ƙafar tankin ruwa na sama. Ya ce, "Lita 1,000 na ruwa tan guda ne. 'Ya'yanka za su yi wasa a ƙarƙashinsa. Ka kawo mu yi tare." Ya kuma kafa mini sharaɗi: kada in kusanci tankin mai ko durom da aka taɓa zuba fetur a ciki, ko an rantse an wanke, domin tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa. A wurinsa walda amana ce. Yakan ce mummunar walda ana iya shafe ta da foti a bi da fenti, mai kaya ya biya yana murna, amma ranar da ƙofa za ta faɗo a kan yaro, Allah Ya san hannun da ya yi ta.

Abin da yake sosa mini rai in na tuna kasuwar shi ne yaran da na gani suna walda da tabarau na rana, wasu ma runtse ido kawai suke yi. Hasken yana ƙona saman ƙwayar ido, amma zafin ba ya zuwa sai bayan sa'o'i, cikin dare mutum ya tashi yana hawaye yana jin yashi a ido alhali babu yashi. Ga hayaƙin farin bututu mai rufin zinki, wanda ke kawo zazzaɓi da ciwon jiki. An saba a ce a sha madara, madara kuwa ba ta tare hayaƙi. A 2017 hukumar binciken cutar daji ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya hayaƙin walda a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji. Maganin shi ne a yi aiki inda iska ke wucewa, a kawar da kai daga hayaƙi, a kankare zinki kafin a sa wuta.

Yau zamani ya sauya. Akwai ƙananan injunan inbata da ake ratayawa a kafaɗa, nauyinsu bai wuce 'yan kilo ba, wutarsu a natse, suna kamawa da sauri, ba sa jan wuta kamar na da. Ni ma na sayi ɗaya, kuma shi nake ba sabon mai koyo shawara ya saya. Sai dai ya lura, ba kowace babbar lamba da aka rubuta a kwali ce gaskiya ba. Ya duba kason da ke jikin injin: in an rubuta 60%, ana nufin cikin kowane minti 10 zai yi aikin minti 6 ya huta 4, a kan amfiyar da aka rubuta a gefensa. Ya tambaya ko akwai mai gyaransa a garin, don ƙura da hawa da saukar wuta suna kashe shi, kuma ba a naɗa shi da hannu. Ya ware kuɗin garkuwa da safar hannu kafin ya taya inji. Tsohon nawa yana nan yana aiki, shi nake kunnawa in ƙarfe ya yi kauri.

Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Bai taɓa karɓar ko kwabo a hannuna da sunan kuɗin koyo ba, in ban da goron da nake kai masa. Yaran da ya koyar suna nan da rumfunansu, wasu a Kaduna wasu a garuruwansu, kuma in ka ga ƙofar da suka haɗa za ka gane makarantarsu ɗaya. Yanzu matashi yana iya kallon bidiyo a waya ya ga yadda ake jan layi, kuma akwai amfani a ciki, amma waya ba za ta kama wuyan hannunsa ba, ba kuma za ta hana shi aikin da ya fi ƙarfinsa ba.

Don haka, ɗan'uwa, in wannan sha'awa tana ranka, kada shekaru ko matsayi su hana ka. Kafin ka nufi kanti, nemi dattijon mai walda na garinku, ka gaishe shi da ladabi, ka roƙi ya ba ka wuri a rumfarsa. Irin waɗannan mutane suna ƙarewa, kuma abin da suka sani ba a rubuce yake ba. Ka je ka karɓa tun suna raye.